Daga Sarkin Samari Zuwa Kyaftin: Tarihin Jagorancin Matasa a Fagen Motsa Jiki a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Kakana na wajen uwa ya rasu bai bar dukiyar kirki ba. Abin da aka raba shi ne gona 'yar madaidaiciya a wani ƙauye da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, da buzun salla, da wata tsohuwar garma wadda ƙotarta ta yi sulɓi saboda gumin hannu. Amma a zaman makokinsa na ga abin da ya ɗaure mini kai. Tsofaffi biyar, ba wanda bai haura shekara saba'in ba a cikinsu, suka durƙusa a ƙofar ɗakin kakata suna yi mata gaisuwa, kuma ba wanda ya ambaci sunan mamacin. Kowa cewa yake, "Allah ya jiƙan Sarki." Ni kuwa na san gidanmu ba gidan sarauta ba ne.

Bayan an share makoki na tambaye ta. Ta dube ni da irin kallon da kaka kan yi wa jika, ta ce, "Kai maigida, ashe ba ka san wanda ka gada ba? Shekara huɗu yana Sarkin Samarin garin nan. In ya ce gobe da asuba gonar wane, ko mai zazzaɓi sai ya fito. Ku fa na yanzu, wa ke iya tayar da ku daga kan benci?"

Wasa take yi mini, amma tambayar ta zauna a raina. Wannan maƙala ƙoƙari ne na amsa ta. Zan bi sawun wata al'ada guda, wato yadda matashi ke jan tsaransa zuwa aiki da wasa mai motsa jiki, tun daga zamanin gayya da dandali har zuwa filayen ƙwallon unguwa na yau. Abin da na gano a wannan waiwaye shi ne, duk lokacin da matasan ƙasarmu suka motsa, ɗaya daga cikinsu ne ya motsa su, kuma jagorancinsa kan yi ƙarko ne idan su suka zaɓe shi, manya suka mutunta shi, gari kuma ya ga amfanin abin da suke yi.

Ƙasar da ake magana a kanta

Wanda ya taso daga birnin Katsina ya nufi kudu zai ratsa Kurfi kafin ya isa Dutsin-Ma, garin da ya samo sunansa daga dutsen da ke tsaye a cikinsa. Dukkansu gundumomi ne na masarautar Katsina. Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuwa Maraɗin Katsina. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ta Hausawa manoma da Fulani makiyaya. A kusa da Dutsin-Ma aka datse kogin Karaɗuwa aka gina madatsar ruwa ta Zoɓe, wadda aka kammala a 1983. Yau garin yana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, saboda haka ya cika maƙil da matasa.

A irin wannan ƙasa damina gajera ce, wata huɗu ko ɗan abin da ya fi haka. Wanda ya makara a noman farko, ciyawa ta cinye masa shekara. Wannan matsi na lokaci shi ne ya haifi buƙatar hannaye da yawa a gona guda a rana guda, kuma daga wannan buƙata sarautar samari ta samu aikin yi.

Sarautar da ba a gada

Sarkin Samari ba ɗan sarki ba ne, kuma ba a gadon kujerarsa. Samarin gari ne kan duba a cikinsu su fitar da wanda ya fi ƙwazo a gona, ya iya magana, ba ya cin amanar kuɗin taro, sa'an nan su kai shi gaban maigari ya sa albarka. Daga nan shi ma ya naɗa nasa 'yan majalisa, yana kwaikwayon tsarin fada: Galadima, Waziri, Alƙali, har da dogarai. 'Yanmata su ma suna da tasu shugabar. Wannan tsari ya game ƙasar Hausa. A littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, an bayyana irin waɗannan sarautu na samari da 'yanmata a ƙauyukan ƙasar Zazzau tun farkon ƙarni na ashirin.

Babban aikinsa gayya ne. Mai gona kan kai goro ga Sarkin Samari, ya faɗi ranar da yake so, ya tanadi fura da tuwo. Da daddare a yi shela a dandali. Da asuba samari su hallara da garemani da fartanyu, makaɗan noma na biye da su da ganga. A jera su a bakin gona, kowa da kunyarsa, a saki kiɗa. Wanda ya riga fita ƙarshen kunya makaɗi ya ɗauki kirarinsa, wanda aka bari a baya kuwa ya sha ba'ar 'yanmatan da suka kawo ruwa. Akwai gayyar suruki, inda saurayi ke kai abokansa gonar uban budurwarsa, akwai gayyar gajiyayye da marar lafiya, akwai kuma gayyar gari: sharar hanya, gyaran maƙabarta, yaɓen masallaci kafin saukar ruwa. Wanda ya ƙi fita ba da uzuri ba, Alƙalin samari ya ci shi tara. Tarar ba ta da yawa, goro ne ko 'yan kwabbai. Abin da ake tsoro shi ne ranar da za ka kira taka gayyar ka ga ba kowa.

Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, sai aiki ya koma wasa. A share fage a yi kokawa, ƙauye ya gayyaci ƙauye, kuma Sarkin Samari ne ke aika goron gayyata, shi ke karɓar baƙi, shi ke raba rigima in ta taso. A lokacin ne ake kalankuwa. A daren farin wata yara maza su yi langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, dawaki na kare ruwa har ya kai ga sha. A yi ɗan akuyana, a yi a sha ruwan tsuntsaye. Can gefe 'yanmata sun yi da'ira suna gaɗa, zabiya na bayarwa suna amshi, ana tafi ana tsalle ana faɗawa hannun ƙawaye, har dare ya raba.

Ba wanda ya kira wannan motsa jiki. Da za a ce wa kakana yana jagorantar shirin kiwon lafiya, dariya zai yi. Amma saurayin wancan zamani kan yi sa'o'i yana haƙi da gumi a kusan kowace rana, kuma muryar da ke fitar da shi ta tsaransa ce. Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarfin wannan murya, shi ya sa ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Bai kamata kuma a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Kakata da kanta ta gaya mini cewa akwai Sarakunan Samarin da suka ci kuɗin tara, akwai ƙarfafan da suka zalunci raunana, akwai kuma abubuwan da ke biyo bayan wasan dare waɗanda malamai suka daɗe suna wa'azi a kansu, kuma da gaskiyarsu.

Kyaftin ya shigo da littafi

Hanya ta biyu ta biyo ta makarantar boko, kuma ƙasar Katsina ce ƙofarta. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, domin horar da malaman da za su koyar a makarantun Arewa. Turawan da suka koyar a cikinta sun zo da tsarin makarantun kwana na Ingila, inda ake raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin ɗalibai, kowane wasa da kyaftin ɗinsa. A can 'ya'yan Arewa suka koyi kurket da ƙwallon ƙafa da fayis, wato wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello, wanda ya kammala kwalejin a 1931, ya yi fice a fayis tun yana ɗalibi, bai kuma rabu da wasan ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita su ma ɗaliban wannan makaranta ne. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa.

A daidai wannan zamani fadar Katsina ta rungumi ƙwallon dawaki. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan a masarautar, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya zama gwanin da ake labarinsa har ƙasashen waje. Sai dai wannan wasa ne na masu doki da barga, bai sauko ƙauye ba.

Abin da ya sauko shi ne tsarin kyaftin. Malaman da aka yaye suka bazu a elementare da midil, suka kai fareti da tsere da tsalle da gasar gida-gida. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yawaita a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, kusan kowace da filinta da turaku biyu na gola. Wannan tsari ya kawo alheri. Ya kawo doka rubutacciya, da alƙalin wasa, da damar da ƙaramin yaro marar ƙarfin kokawa zai yi fice da gudu. Amma ya bambanta da sarautar samari ta fuska biyu. Na farko, malami ne ke naɗa kyaftin, saboda haka ikonsa aro ne daga ofishin hedimasta, yana ƙarewa a ƙofar makaranta. Na biyu, ya raba wasa da aiki. A gayya, gumin saurayi yana zama dawa a rumbun wata gwauruwa. A filin makaranta, gumi kan zama kofi a kan tebur. Uban da ya ga ɗansa ya dawo da tsagaggen wando ba da ko zangarniya guda ba, ba abin mamaki ba ne in ya kira abin shashanci.

Darasi daga Maraɗi

Domin a ga hanya ta uku, sai an tsallaka iyaka zuwa Nijar, kuma tsallakawar ba ta da nisa ga Bakatsine. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya fitar da su a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa daular Maraɗi, saboda haka al'adar samarin can da ta nan tushensu ɗaya.

Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a watan Afrilu na 1974, gwamnatinsa ta ɗauki tsohuwar ƙungiyar samarin gargajiya ta mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya, da sunan Samariya. Kowace unguwa da kowane ƙauye suka samu tasu, da Sarkin Samarinta. Suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka share tituna, suka shirya wasanni da bukukuwan matasa. A 1975 kuma aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda ake ba zakara takobi, kuma ɗan kokawar Maraɗi, Kantu, shi ya fara ɗaukarsa.

Abin lura shi ne makomar waɗannan abubuwa biyu. Samariya ta zama hannun gwamnati, ana tara ta domin tarbar manya da yi wa mulki shela. Da Kountché ya rasu a 1987, aka kuma shiga siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, sai ta dusashe tare da mulkin da ya raine ta. Kokawa kuwa tana nan. Har yau jihohin Nijar takwas kan aiko da 'yan kokawa goma-goma, ƙasa ta tsaya cik tana sauraro, Hausawan Najeriya ma na bi ta rediyo da waya. Dalili shi ne kokawa tana da saiwa a fagen ƙauye, inda yaro ke koya daga wanda ya girme shi da shekara biyu. Gwamnati ta ba ta rumfa, ba ta ƙwace mata fage ba. Samariya kuwa an ɗauke ta daga hannun samari.

Yadda dandali ya yi shiru

A ƙasarmu ba wata doka da ta soke sarautar samari. Ƙafafunta aka zare ɗaya bayan ɗaya. Kuɗi ne ya fara. Lokacin da Polly Hill ta zauna a Batagarawa, maƙwabciyar Kurfi ta arewa, a 1967, domin binciken da ta buga a 1972, ta tarar ƙwadagon gona na kuɗi ya riga ya kafu. Mai hali ya gwammace ya biya 'yan ƙwadago da ya dafa wa samari arba'in tuwo. Sai garmar shanu ta yaɗu, daga baya maganin feshi ya rage noman ciyawa. Samari suka riƙa tafiya cirani Kano da Kaduna da Legas da zarar an gama girbi, wato daidai lokacin kokawa. Wa'azi a kan cuɗanyar maza da mata ya ƙara ƙarfi, iyaye suka janye 'ya'yansu mata daga dandali. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa da keke, injin niƙa ya rage daka. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, gidajen kallon ƙwallo suka cika lunguna.

Yawancin waɗannan canje-canje sauƙi ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma wahala. Sai dai kowane sauƙi ya tafi da wani yanki na motsin da jiki ya saba da shi, ba a kuma mayar da gurbinsa ba. Matsalar ta game duniya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, wanda ya nuna kashi 81 cikin 100 ba sa samun motsa jiki na awa ɗaya a rana da hukumar ta ba da shawara. A cikin 'yanmata adadin ya kai kashi 85, a cikin maza 78. Sakamakon zaman ba ya bayyana a shekara goma sha biyar. Yana jira sai an kai arba'in, ya fito da sunan hawan jini ko ciwon sukari.

Sa'an nan ƙasarmu ta samu nata ƙarin nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, suka taɓa Kurfi da Dutsin-Ma. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe, farin wata ya daina zama goron gayyatar wasa.

Watannin da waya ta mutu

Abin da ya rage na gadon Sarkin Samari yana filin ƙwallon unguwa. Tun da matasan Najeriya suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, aka kuma ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ba unguwar da ba ta da kulob. A nan na ga amsar tambayar kakata da idona.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Ina gida a Dutsin-Ma a lokacin. Na ɗauka tunda waya ta mutu, samarin unguwarmu za su watse daga bakin shago su nufi fili. Haka ba ta faru ba. Mako biyu suna zaune a inda suka saba, suna juya wayoyi a hannu, suna kallon tsofaffin hotuna da finafinan da suka riga suka haddace.

Wanda ya tayar da su wani yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, mai koyon ɗinki, wanda ko iya ƙwallo sosai bai yi ba. Ya yago takarda daga littafin awo, ya bi gida-gida yana rubuta sunaye. Ya raba mu ƙungiya huɗu, ya lura kada gwanaye su taru wuri guda. Ya sa kowa ya kawo ɗan abin da zai iya aka sayi ƙwallo, ya kuma riƙa karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a kowace Juma'a. Ya je ya durƙusa gaban mai unguwa ya ce, "Baba, muna roƙon filin bayan makaranta. In aka kira magariba ka ga mutum ɗaya a ciki, ni za a tuhuma." Mai unguwa ya ce, "To, na ji. Amma kwatar da ke gefen filin fa?" Ranar Asabar muka fito da cebur da kwandon shara muka yashe ta. Daga ranar dattawan da ke harararmu suka fara tsayawa kallo in sun fito daga sallar la'asar.

Yaron nan bai taɓa jin labarin kakana ba. Amma duk abin da kakana ya yi, shi ma ya yi: yardar tsara, albarkar manya, amanar kuɗi, da aikin da gari zai gani ya yaba. Har tara ya sa, wanda ya makara shi zai ɗebo ruwan sha. Da aka maido da layin waya bayan 'yan watanni, mun rage yawa, amma ba mu watse ba.

Wannan ya sa na fahimci wani labari daga Ingila. Masu bincike na Jami'ar Kambirij sun gwada wani shiri mai suna GoActive a makarantun sakandare, inda aka ɗora wa manyan ɗalibai da wasu 'yan aji nauyin jan 'yan shekara 13 zuwa 14 ga motsa jiki. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna ɗaliban da aka yi wa shirin ba su fi sauran motsi ba. A fahimtata, ana iya rubuta tsari a ba yaro, amma ba a iya rubuta masa yardar tsaransa. Ita sai ta tsiro daga cikinsu.

Waɗanda aka bari a baya

Akwai gurbin da filin ƙwallo bai cike ba. Da na ba kakata labarin kulob ɗinmu, sai ta ce, "Madalla, maigida. To ƙannenka mata fa, ina nasu filin?" Na rasa amsa.

A zamaninta, yarinya ta fi saurayi yawan dare a dandali, kuma gaɗa aiki ne na ƙafa da huhu wanda ba ya kasa gudun fili. Shugabarsu daga cikinsu take, waƙarsu tasu ce. Da aka rufe dandali, maza suka samu ƙwallo, mata ba su samu komai ba. Yarinyar ƙauye har yanzu tana ɗebo ruwa da itace, tana yawon talla, wanda wahala ce ba wasa ba. Ta cikin gari kuwa daga aji sai Islamiyya sai ɗaki. Carafke da 'yar gala-gala ma da ta kai shekara goma sha biyu ake ce mata ta girma.

Abin da malamai suka hana shi ne cuɗanya da fitar dare. Ba su hana mace lafiyar jikinta ba. Kuskurenmu shi ne mun zubar da tuwo tare da ƙudan da ya faɗa ciki. Kusan kowace makarantar 'yanmata da kowace babbar Islamiyya tana da haraba mai katanga. Ba a buƙatar kwangila kafin a ba 'yanmata awa ɗaya a cikinta da rana, su kaɗai, ƙarƙashin idon malama, su zaɓi shugabarsu, su yi gaɗa ko tseren gudu ko ƙwallon raga, duk wanda suka ga dama.

Kammalawa

Tarihin nan na kusan shekara ɗari ya nuna mana hanyoyi uku. Makaranta ta naɗa kyaftin, ikonsa ya tsaya a ƙofarta. Gwamnatin Nijar ta rungumi Samariya, ta mutu da mutuwar mai rungumar. Ƙauye kuwa ya bar samari su zaɓi nasu, ya ba shi girma, ya ɗora masa aiki, sarautar ta rayu har sai da aikin ya ƙare. Wanda duk ke son matasan Dutsin-Ma da Kurfi su tashi daga benci, hakimi ne ko shugaban makaranta ko ɗan majalisa, ba sai ya ƙirƙiro jagora ba. Jagoran yana nan a kowace unguwa, da 'yar takardarsa a aljihu. Abin da yake nema kaɗan ne: filin da ba za a yanka a sayar ba, dattijon da zai amsa sallamarsa, tsaron da zai bar shi ya kai magariba, da kuma a ƙyale shi kada a mayar da ƙungiyarsa 'yan rakiyar siyasa. Dubban ɗaliban da ke kwaleji da jami'a a Dutsin-Ma za su fi amfani in sun zama yayye masu taimaka wa irin wannan yaro, maimakon baƙi masu zuwa da tsari a takarda.

Garmar kakana a rabon gado ni ta faɗo wa, domin ba wanda ya nuna yana so. Tana jingine a bayan ƙofar ɗakina. Ranar da muka sake fita yashe kwata kafin damina, na ɗauke ta na miƙa wa yaron nan mai ɗinki. Ya juya ta, ya ce ta yi nauyi, kuma ba da ita ake yasa ba. Na ce na sani, ya dai riƙe ta ya shiga gaba. Ya saɓa ta a kafaɗa, muka bi shi.